Waya, Auduga da Batir: Nauyin da Mai Sayen RDA Yake Ɗauka a Kano

Hanyar da wayar salula ta bi ta shigo Kano, daga Shenzhen da Dubai zuwa shagunan titin Beirut da Farm Centre da kasuwar Sabon Gari, ita ce caja da fitilar caji suka bi, kuma ita ce sigarin lantarki yake bi a yau. Sai dai shi ya ƙara da wata ƙofa, wato tallan Instagram da WhatsApp, inda ake tura kuɗi ta waya, a ɗoro kaya a mota daga Legas ko Abuja. Mafi yawan abin da ke zuwa irin wanda ake zuƙa har ya ƙare a jefar ne, mai ƙamshin mangwaro ko kankana. Amma akwai wani nau'i da masu harkar suke ɗauka a matsayin na waɗanda suka ƙware. Shi ne RDA, wani ɗan ƙarfe da bai fi murfin kwalba faɗi ba, wanda mai shi ne yake naɗa masa waya, ya sa masa auduga, ya ɗiga masa ruwa da hannunsa.

Unguwa irin Rijiyar Lemo, a ƙaramar hukumar Fagge, wuri ne da ya dace a auna wannan abu da shi. Unguwa ce mai cunkoso a kan titin Katsina, cike da matasa da masu sana'ar hannu, ga kuma gidaje da yara suke shiga kowane ɗaki ba tare da sallama ba. Tsakaninta da Sabon Gari, inda ake samun batir da waya da sinadarai iri-iri, tafiyar adaidaita sahu ce kawai. Duk abin da zai sa RDA ya yi farin jini yana nan, haka ma duk abin da zai sa ya yi ɓarna.

Matsayin wannan rubutu uku ne. Wanda ba ya shan taba ba shi da wani dalili na kusantar wannan na'ura. Mashayin taba da yake neman mafita yana da ƙofofin da suka fi ta sauƙi da aminci. Wanda kuma ya dage sai ita, to ya sani cewa ya karɓi aikin da a wasu ƙasashe injiniya da hukumar gwaji suke yi, kuma ya karɓe shi ne a kasuwar da ba ta ba shi tabbacin batir ko na ruwa.

Lagwani babu harshen wuta

Duk wanda ya taɓa gyara lagwanin risho ko na fitilar ƙwai ya riga ya fahimci rabin abin. Lagwani yana tsotso kananzir ya kai shi inda zafi yake. A sigarin lantarki auduga ce lagwanin. Ruwan da take tsotsa haɗi ne na gilisarin da furofilin gilaikol da ƙamshi da nikotin. A madadin harshen wuta kuma akwai siririyar waya da aka naɗe kamar koyil, wadda take yin zafi idan wutar batir ta ratsa ta. Zafin yana mai da ruwan hazo, mutum ya zuƙa. Ana kiran hazon tururi, amma ya bambanta da tururin tukunya, domin ɗigo-ɗigo ne na sinadaran da aka dafa, tare da duk abin da zafi ya haifar daga cikinsu.

Wani mai haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin, Hon Lik, shi ne ya ƙirƙiro irin na zamani a 2003. Shi kansa mashayin taba ne, kuma kansar huhu ce ta kashe mahaifinsa. Na'urarsa a rufe take, ma'aikata ce take haɗa komai. RDA ya fito ne daga baya, daga hannun masu sha'awa da suka ga na ma'aikata bai ishe su ba. Haruffan uku taƙaitawa ce ta sunan Turanci da ke nufin kai wanda ake sake haɗawa ana kuma ɗiga masa ruwa. Ba shi da tanki. Yana da faranti mai ginshiƙai inda ake ɗaure bakin waya da ƙananan notuna, da ɗan rami a ƙasa mai riƙe 'yan ɗigo, da murfi mai hudojin iska. Faɗinsa yawanci milimita 22 zuwa 25 ne. Bayan 'yan zuƙa kaɗan sai a sake ɗiga ruwa, ko a matsa wata 'yar kwalba da ke cikin jikin wasu na'urori ta turo shi ta ƙasa.

Abin da ke jan mutane gare shi a bayyane yake. Ɗanɗano ya fi fitowa, hazo ya fi yawa. Sannan akwai batun kuɗi, wanda a Nijeriya ba ƙaramin batu ba ne tun da aka saki darajar naira a Yunin 2023. Koyil na ma'aikata da dala ake shigo da shi, yana ƙonewa cikin mako ɗaya ko biyu, kuma kowane kamfani da irin nasa. Wanda yake da RDA kuwa, ƙunshin waya ɗaya da fakitin auduga za su kai shi watanni. Wannan hujja ce ta gaske, amma araha ta waya da auduga tana ɓoye inda tsadar take.

Lissafin da ba a tsallakewa

Kowace waya tana da turjiya, wato gwargwadon yadda take hana wuta wucewa, kuma da om ake auna ta. Ƙarfin turin batir da bolt ake auna shi, yawan wutar da ke gudana kuma da amfiya. Dangantakar ukun ita ce dokar Ohm da ake koyarwa a sakandare: a raba bolt da om, abin da ya fito shi ne amfiya. Batirin da aka fi amfani da shi shi ne 18650, mai faɗin milimita 18 da tsawon milimita 65, kuma idan ya cika yana ba da bolt 4.2.

Idan naɗin waya yana da om 0.5, zai ja amfiya 8.4. Idan om 0.3 ne, zai ja amfiya 14. Idan aka sa naɗi biyu masu om 0.3 gefe da gefe, kamar yadda ake yi a RDA da yawa, turjiyar tana raguwa zuwa rabi, ta koma om 0.15, wutar da ake ja kuma ta tashi zuwa amfiya 28. Batirin Samsung 25R, wanda yake cikin nagartattu, iyakar abin da aka yi shi ya jure a jere amfiya 20 ce. Ke nan da ƙara waya ɗaya tak, mutum ya haye iyakar batir mai kyau da amfiya 8, ba tare da wani abu ya nuna masa ba.

A nan bambancin jikin na'ura yake shigowa. Akwai mai ƙwaƙwalwa, wanda yake karanta turjiya ya nuna a allo, ya kuma yanke wuta idan waya ta haɗe ko batir ya yi zafi. Akwai kuma bututun ƙarfe zalla, wanda maɓallinsa yake haɗa batir da waya kai-tsaye, babu fis, babu wani mai tsaro. Idan bakin waya ya taɓa murfi a irin wannan, turjiya tana faɗuwa kusan sifili, batir ya yi zafi cikin daƙiƙoƙi, ya fitar da iska mai kamawa da wuta a cikin bututun da yake rufe. A Mayun 2018, a birnin St. Petersburg na jihar Florida a Amurka, irin wannan bututu ya fashe ya kashe wani mutum mai shekara 38, gutsattsarinsa suka shiga kansa. A Janairun 2019 wani matashi mai shekara 24 ya mutu a jihar Texas bayan fashewar na'urarsa ta yanke masa jijiyar wuya. Ko da jiki mai ƙwaƙwalwa ne, batir ɗaya mai amfiya 20 bai kamata a ɗora masa fiye da kimanin wat 60 ba.

Duk wannan lissafi ya ginu ne a kan zaton cewa abin da aka rubuta a jikin batir gaskiya ne. A nan ne kasuwa take karya lissafin. Batirin 18650 na gaske ba ya kaiwa ko kusa da mAh 6,800 ko 9,900, amma ana ganin batiran tocila masu ɗauke da waɗannan alƙaluma. Wannan rubutu shi kansa shaida ne cewa batirin ƙarya yake yi. Akwai kuma waɗanda ake farkewa daga tsofaffin batiran laftof a sake sa musu riga. Waɗannan an yi su ne su ba da wuta kaɗan na tsawon lokaci, don haka suna iya kunna tocila shekara guda lafiya, amma amfiya 20 ta fi ƙarfinsu nesa. Ido ba ya bambance su da na gaske, mai shago ma sau da yawa bai sani ba, domin shi ma haka aka kawo masa. Ko na gasken ma, kamfanonin da suke ƙera su, irin su Samsung da LG, sun sha gargaɗi cewa ba su yi su don a riƙa amfani da su tsirara a sigarin lantarki ba, kuma a Janairun 2021 hukumar kare masu sayen kaya ta Amurka ta gargaɗi jama'a kan sayen su ɗaiɗai.

Yanayin Kano yana ƙara wa abin nauyi. A watan Afrilu zafi yana haye digiri 40 a inuwa, cikin motar da aka rufe a rana kuma ya fi haka sosai, alhali batirin litiyam ba ya son a yi masa caji sama da digiri 45. Wutar lantarki takan zo da dare, don haka al'adar mutane ce a jona komai a kwanta barci, wanda shi ne lokacin da babu mai ganin hayaƙin farko. Batirin da aka jefa aljihu tare da mukullin babur yana iya haɗewa ya kama a jikin mutum. Ɗan yagewar rigar roba da ke jikinsa ma ta isa, domin duk gangar jikin batirin ɓangare ɗaya ne na wutar.

Abin da ke cikin kwalba

RDA yana shan ruwa da yawa, shi ya sa aka saba sa masa mai nikotin kaɗan, miligiram 3 ko 6 a kowace mililita. Akwai wani ruwa dabam da ake kira gishirin nikotin, wanda aka yi don ƙananan na'urori masu ƙarancin wuta, kuma yana kaiwa miligiram 50. Kwalaben sun yi kama, ƙamshin ɗaya ne. Wanda ya ɗiga mai 50 a RDA zai zuƙi ninki fiye da 16 na abin da ke cikin mai 3, sakamakon kuwa jiri ne da amai da zufa da bugun zuciya. Kuma gishirin nikotin ba ya ƙona maƙogwaro kamar ɗayan, don haka jiki ba ya saurin yin gargaɗi.

Kwalba mai mililita 30 ta irin wannan ruwa tana ɗauke da miligiram 1,500 na nikotin, alhali abin da jiki yake ɗauka daga karan sigari ɗaya miligiram 1 zuwa 2 ne. Mai RDA kuma dole ya riƙa yawo da kwalbar yana buɗewa sau da yawa a yini. A gidan da ƙannai da 'ya'yan yayye suke shiga ɗakin samari, kwalba mai launi da ƙamshin alewa a kan tebur guba ce a inda hannun yaro yake kaiwa. A Disambar 2014 wani yaro ɗan shekara ɗaya ya mutu a jihar New York bayan ya sha irin wannan ruwa, kuma a Janairun 2016 Amurka ta kafa dokar da ta tilasta sa murfin da yaro ba zai iya buɗewa ba.

Haɗari na gaba ya fi kusa da tarihin Nijeriya. Da yake ruwan da ake shigowa da shi yana da tsada, akwai jarabar a haɗa shi a gida, tun da ana samun gilisarin da furofilin gilaikol wurin masu sayar da sinadarai. Waɗannan biyu su ne ainihin sinadaran da ake yi wa jabu da dayetilin gilaikol, wani ruwan masana'antu mai zaƙi da araha wanda yake lalata ƙoda. A 1990 yara 109 suka mutu a Ibadan da Jos bayan shan ruwan farasitamol da aka haɗa da shi. Daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 maganin haƙoran jarirai na My Pikin ya kashe yara 84 ta wannan hanya. A 2022 kimanin yara 70 suka mutu a Gambiya. Idan masana'antar magani mai lasisi ta iya sayen gurɓataccen sinadari ba ta gane ba, saurayin da yake aunawa da sirinji a ɗakinsa ba shi da hanyar ganewa. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ma ta taɓa samun wannan guba a ɗaya daga cikin samfurin sigarin lantarki da ta gwada a 2009.

Sai kuma mai. Kano gari ne na turare, kuma tunanin a ɗiga ɗan ƙamshi ko wani man ganye a kan auduga ba zai yi wa mutum nisa ba. Huhu ba ya iya fitar da mai. A Amurka, daga 2019 zuwa Fabrairun 2020, mutum 2,807 aka kwantar a asibiti, 68 suka mutu, saboda wata cutar huhu da aka danganta da wani nau'in man bitamin E da 'yan kasuwar bayan fage suke tsinka ruwan wiwi da shi. Ruwan nikotin na halal ba shi ne musabbabin ba. Darasin shi ne buɗaɗɗiyar na'ura tana karɓar duk abin da aka zuba mata. A Ingila, wani bincike na Jami'ar Bath a 2024 ya gano cewa kusan ɗaya cikin kowace na'ura shida da aka ƙwace a hannun ɗalibai tana ɗauke da wiwin roba da ake haɗawa da sinadari. A jihar da binciken shan miyagun ƙwayoyi na ƙasa na 2018 ya ƙiyasta kashi 16 cikin ɗari na masu shekara 15 zuwa 64 sun taɓa wani abu a shekarar da ta gabace shi, wannan ba zance ba ne na nesa.

Inda gwaninta take zama tarko

Kanawa sun yi suna wajen gyara. Mai naɗin koyil na fanka da janareta yana aikin da ya fi naɗin RDA wuya sau goma. Amma wannan gwanintar an gina ta ne a kan maye gurbi: idan babu wannan, wancan zai yi. A RDA wannan ɗabi'a ba ta da wuri. Wayoyin da aka saba amfani da su uku ne: Kanthal, wadda haɗi ce ta baƙin ƙarfe da kuromiyam da alminiyam, nikurom, da ƙarfe marar tsatsa mai lamba 316L. Wayar tagulla ta fanka turjiyarta ƙanƙanuwa ce ƙwarai, don haka sa ta daidai yake da haɗe batir da kansa, ga kuma fentin da ke jikinta da zai ƙone a shaƙa. Wayar ɗauri ta magina tana da rufin zinki, wanda hayaƙinsa yake sa wa masu walda zazzaɓi. Ɗanyar auduga daga gona tana iya ɗauke da maganin ƙwari.

Ko an yi komai daidai, zafi yana da nasa sakamako. Idan auduga ta bushe aka ci gaba da zuƙa, wanda yakan faru a na'urar da ba ta da tanki, ruwan yana tarwatsewa ya haifar da fomaldihaid da akrolin, masu ƙona hanyar numfashi. Masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins sun ruwaito a 2018 cewa sun sami darma da kuromiyam da nikel da manganis a hazon na'urorin da suka gwada, kuma sun danganta yawancinsu da wayar da ake zafafawa. Ƙurar hunturu ma tana da rabonta, domin duk lokacin da aka cire murfi, jiƙaƙƙiyar auduga tana kama abin da iska ta ɗauko.

Hujjar ɗaya ɓangaren

Masu goyon bayan sigarin lantarki ba tatsuniya suke yi ba. Abin da ya fi kisa a taba shi ne hayaƙin ƙuna, da kwalta da iskar kabon monoksaid da ke cikinsa, kuma taba tana kashe kusan rabin waɗanda suka lizimce ta ba su daina ba. A 2015 hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta ce sigarin lantarki ya fi taba ƙarancin cutarwa da kimanin kashi 95 cikin ɗari. An soki yadda aka samo adadin, amma ko masu sukar da yawa sun yarda cewa gubobin da ke cikin hazo sun gaza na hayaƙi. Bitar Cochrane, wadda take tattara gwaje-gwajen asibiti, ta kai ga cewa sigarin lantarki mai nikotin yana taimaka wa mutane su daina taba fiye da cingam da filastar nikotin.

Sai dai wannan hujja tana da sharuɗɗa biyu. Na farko, amfanin na mashayi ne da ya bar taba gaba ɗaya. Wanda yake haɗa biyun ya ci riba kaɗan, domin wani nazari da mujallar BMJ ta buga a 2018 ya nuna cewa kara ɗaya a rana yana ɗauke da kusan rabin ƙarin haɗarin ciwon zuciya na mai shan kara 20. Na biyu, hujjar tana da ƙarfi ne a inda mashaya suke da yawa. Binciken taba na manya da aka yi a Nijeriya a 2012 ya sami kashi 5.6 cikin ɗari ne kawai suke amfani da taba ta kowace siga, kashi 10 na maza da kashi 1.1 na mata. A al'umma irin wannan, mai yawan matasa, waɗanda za a iya ceto daga taba kaɗan ne idan aka kwatanta da waɗanda za a iya koya wa nikotin daga farko. Kuma sigarin lantarki ya cire katangun da suka daɗe suna tsare matashin Bahaushe daga taba: warin da uwa take ji a riga, baƙin leɓe, da kunyar a gan shi a tebur yana saye.

Ko Ingila ma ta yi gyara. Tana da iyakar miligiram 20 a kowace mililita, da tilascin rajistar kaya, kuma daga 1 ga Yuni 2025 ta haramta irin wanda ake jefarwa. Gwaje-gwajen da suka nuna amfani kuwa, yawancinsu da na'urori masu sauƙi aka yi su, tare da shawarar ma'aikatan lafiya. Ba a gina su a kan naɗa waya da hannu ba.

Idan mutum ya dage

Baligin da ya shekara goma yana shan fakiti a rana, farkon inda ya kamata ya nufa shi ne wurin likita ko mai haɗa magunguna. Cingam da filastar nikotin suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2009, an ƙara ƙwayoyin baraniklin da bufurofiyon a 2021. Idan waɗannan suka gaza, ƙaramar rufaffiyar na'ura daga sanannen kamfani ta fi RDA dacewa da mai son dainawa, domin RDA yana mai da nikotin abin sha'awa, da kayan aiki da gasar hazo, wanda kuwa ya mai da abu sana'ar hannunsa yakan yi wuya ya rabu da shi.

Wanda duk da haka ya zaɓi RDA, akwai ƙa'idodin da ba a sassauta su. Ya ɗauki mai naɗi ɗaya, a kan jiki mai ƙwaƙwalwa, ya nisanci bututun ƙarfe zalla. Ya tsaya a om 0.4 zuwa sama, ya auna turjiya kafin ya rufe murfi da kuma bayan ya rufe. Ya sayi batir daga inda za a iya bin asalinsa, ya ajiye shi a akwatin roba, ya yi masa caji da cajar waje yana farke, ya kuma daina amfani da duk wanda rigarsa ta yage ko jikinsa ya loɓa. Ruwa ya zama rufaffe daga masana'anta, mai lambar haɗi da jerin sinadarai, nikotin kada ya wuce miligiram 6. Kada ya ɗiga mai, ko turare, ko abin da wani ya miƙo masa a kwalbar da babu rubutu. Ya canja auduga da zarar ta yi duhu, ya kulle kwalba a inda yaro ba ya kaiwa. Wanda ya ga waɗannan sun yi masa yawa ya riga ya sami amsar ko na'urar ta dace da shi.

Giɓin da ke cikin doka

Dokar taƙaita taba ta ƙasa, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Mayun 2015, da ƙa'idojinta na 2019, an rubuta su ne da ganyen taba a zuciya. Sun hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, sun hana sayar da kara ɗaiɗai, ko da yake kowa yana ganin ana sayarwa a tebur. Ba su fayyace iyakar nikotin a ruwa ba, ko irin murfin kwalba, ko ingancin batir. A Kano, gwamnatin jiha ta sanar da haramta shisha a 2021. Sai dai tukunyar shisha tana buƙatar gawayi da wurin zama da taro, don haka ana iya kai mata samame. Abin da ke shiga aljihun kaftani ba haka yake ba.

Akwai masu ganin a bi Indiya, wadda ta haramta sigarin lantarki ɗungurungum a 2019. Kano ta ga yadda irin wannan mataki yake ƙarewa. Hana maganin tari mai kodin a Mayun 2018 ya cire shi daga kan kanta, amma bai kawo ƙarshen shaye-shaye ba. Haramci a kan abin da ake iya haɗawa da waya da auduga da batirin tocila zai kori ingantaccen ruwa ne ya bar na gida, wanda shi ne mafi haɗari.

Abin da ya fi shi ne a kira abin da sunansa a cikin doka. NAFDAC ta yi wa kowane ruwa rajista, ta gwada shi don dayetilin gilaikol da mai, ta sa iyakar nikotin, ta tilasta murfin kariya da gargaɗi da Hausa. Hukumar SON ta bi batiran da ke ɗauke da alƙaluman ƙarya, wanda amfaninsa zai kai ga duk mai tocila da fankar caji. A hana talla da ƙamshin alewa da hotunan da ke jan yara, a kuma tilasta wa masu sayarwa ta intanet tantance shekaru. Kano ta nuna cewa irin wannan tsari mai yiwuwa ne lokacin da aka mai da dillalan magunguna daga Sabon Gari zuwa cibiyar Dangwauro a 2024, bayan shekaru ana ja-in-ja. Sannan asibitoci irin na Malam Aminu Kano da na Murtala su zama wuraren da mashayi zai je neman dainawa ya tarar da magani da mai saurarensa.

Kafin a kai can, nauyin yana kan masu ilimin da suke cikin gidajen: likita, injiniya, malamin makaranta, yayan da ƙannai suke jin maganarsa. Saurayin da aka gani da wannan ɗan ƙarfe, faɗa ba zai raba shi da shi ba. Tambayoyi uku sun fi tasiri: om nawa wayarsa take, amfiya nawa batirinsa yake jurewa, kuma wa ya haɗa ruwan da ke kwalbarsa. Idan ya kasa amsa ɗaya daga ciki, to a zauna a yi lissafin tare da shi, kafin batirin ya yi masa.